Kunnen mai niƙa da hannunsa a cikin kwamfuta

A wani gidan niƙa da ke kusa da kasuwar Katako a nan Jos akwai wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a gaban injin niƙan masara da dawa. Injin nasa mai guduma ne, wato irin wanda ƙarafuna ke dukan hatsi har ya ratsa rariya ya fito gari, kuma abin da ke juya shi injin lantarki ne mai ƙarfin doki goma, irin wanda mu masu aikin wuta muke kira moto. An fara kirana wurin ne saboda koyil, wato wayar da aka naɗa a cikin moton, ya ƙone karo na biyu a shekara guda, kuma duka biyun sun faru a ranakun da Baba ba ya nan, yaran shago ne ke zuba hatsi. Da na tambaye shi abin da yake yi wanda su ba sa yi, sai ya ɗora hannu a kan marfin mazurarin ya ce: "Injiniya, ai shi ma yana magana. In na ji ya fara nishi sai in sassauta masa, in na ji yana kukan banza sai in ƙara masa, in kuma nishin ya taso masa farat ɗaya, ba na jira sai ya yi nauyi."

Ƙa'idoji uku ya faɗa mini, babu lamba ko ɗaya a cikinsu, amma sun daɗe suna tsare moton fiye da duk abin da ke cikin akwatin wutar shagon. Tun daga ranar na ƙudurta in gwada ko za a iya zuba wannan sani a cikin ƙaramar kwamfuta, kuma wannan ƙudurin ne ya kai ni ga fasahohi biyu da na karanta a makaranta ban taɓa sa musu hannu ba: fozi lojik, wanda nake kira lissafin dama-dama, da kuma ragar jijiyoyi ta kwamfuta.

Kafin a kai gare su sai an san abin da kunnen Baba yake kamawa. Irin wannan moto shi ya fi kowane yawa a masana'antu, asalinsa kuma yana komawa ga Nikola Tesla da ya yi rajistar fasaharsa a Amurka a 1888, da Mikhail Dolivo-Dobrovolsky da ya ƙera mai layin wuta uku a Jamus a 1889. Wayoyin da aka naɗa a jikin gangar waje suna haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma yana jan zuciyar ƙarfen da ke tsakiya ta bi shi. Da yake wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun moto mai fol huɗu, wato mai kawunan maganaɗisu huɗu, yana zagayawa sau 1,500 a minti, amma zuciyar ba ta taɓa cim masa ba, kullum tana baya da 'yar tazara, shi ya sa ake ganin 1,440 ko 1,450 a rubuce a farantin da ke jikinsa. Idan kaya ya ƙaru tazarar sai ta faɗaɗa, gudu ya ragu, muryar injin ta yi kauri, moton ya ƙara jan wuta. Zafin waya kuwa ba daidai da amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da moto ke ja, yake hawa ba: idan amfiya ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa, kuma masu naɗin koyil sun san ƙiyasin nan cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwar rufin waya.

Sai kuma halin wutar tamu. Idan wutar da ya kamata ta zo bolt 400 ta sauka zuwa 340, wanda ba baƙon abu ba ne da yamma, iyakar ƙarfin juyin moton yana komawa kusan kashi 72 cikin ɗari na yadda yake, duk da cewa wutar kashi 15 kawai ta ragu. Buhun da injin ya niƙa cikin sauƙi da safe zai iya shaƙe shi da la'asar. Ga kuma wani abu da ya shafi Jos musamman: alƙaluman da ke kan faranti an yi su ne bisa sharaɗin wurin bai wuce tsayin mita 1,000 daga teku ba, mu kuwa muna wajen mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi kuma ba ta ɗauke zafi kamar ta ƙasa. Sanyin garin ne yake rufa mana asiri mafi yawan watanni. Garin nan ya daɗe da sanin moto, domin tun 1929 kamfanin NESCO ya kafu don samar da wuta daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza, kuma Baba ya ce a hannun wani tsohon mai kula da famfunan ramin kuza ya koyi sauraron inji.

Abin da na fara yi shi ne na raba hannun mutum da mazurari. Na sa wani ƙarfe mai murɗi da ke tura hatsi cikin injin, ƙaramin moto yana juya shi, inbata mai sauya gudu tana sarrafa ƙaramin moton, sannan na maƙala na'urar auna amfiya a wayar babban moton. Na fara da tsarin da kowane injiniya ke farawa da shi, wato PID, wanda yake duban kuskuren yanzu, da kuskuren da ya taru, da saurin da kuskuren ke sauyawa, ya haɗa su da lambobi uku ya fitar da umarni. Shi ma daga kallon mutum ya samo asali, domin Nicolas Minorsky ya tsara lissafinsa a 1922 bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke riƙe sitiyari, sannan Ziegler da Nichols suka kawo hanyar saita shi a 1942. Na saita lambobin nan uku a kan busasshiyar masara, aiki ya tafi lafiya. Da aka kawo dawa sai ya riƙa jinkiri, da aka kawo masarar da ba ta gama bushewa ba sai ya shiga kai-komo, ya tura da yawa, ya ja baya da yawa, domin damshi yana toshe rariya kuma nauyin ba ya bayyana sai bayan hatsin ya riga ya shiga. Lambobi uku da aka ɗaure a wuri guda ba su ishi injin da halinsa ke sauyawa da kowane buhu ba.

Lissafin dama-dama ya fito ne daga Lotfi Zadeh, haifaffen Baku wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a wata takarda da ya buga a 1965. Ya ce ba dole ba ne abu ya zama ko dai yana cikin rukuni ko ba ya ciki, yana iya kasancewa a ciki da wani gwargwado tsakanin sifili da ɗaya. Na daɗe ina ganin cewa Bahaushe bai kamata ya sha wuya wajen fahimtar wannan ba, domin harshenmu haka yake auna abubuwa. Muna da ja-ja, muna da ja, muna da ja wur. Kunu yana iya zama tsami-tsami, ruwa yana iya zama sanyi-sanyi ko sanyi ƙalau, kuma uwar da ke haɗa wa jariri ruwan wanka ba ta buƙatar ma'auni kafin ta san inda ɗumi ya ƙare zafi ya fara, ta san cewa ɗaya yana shiga cikin ɗaya ne a hankali. Abin da Zadeh ya yi shi ne ya ba wannan maimaici da wannan ƙarfafawa lissafin da kwamfuta za ta iya bi.

Wanda ya fara juya inji da shi Ebrahim Mamdani ne, haifaffen Tanzaniya, tare da ɗalibinsa Sedrak Assilian a Kwalejin Sarauniya Maryamu da ke Landan, inda suka sarrafa ƙaramin injin tururi da ƙa'idoji irin na baki, suka buga sakamakon a 1974 da 1975. A 1987 jirgin ƙasa na birnin Sendai a Jafan ya fara aiki da tsarin Hitachi wanda aka gina bisa yadda gogaggun direbobi ke tashi da taka birki.

Ga yadda na rubuta maganar Baba. Farantin motonsa ya nuna amfiya 15. Na raba jan wuta gida uku, sauƙi da daidai da nauyi, ba tare da katanga a tsakaninsu ba: daidai ya cika a amfiya 13, yana raguwa a hankali har ya ƙare a 16, shi kuma nauyi yana farawa daga 13 ya cika a 16. Saboda haka idan na'ura ta karanta 14, kwamfuta tana ɗaukarsa daidai ne da kashi biyu cikin uku, nauyi ne da kashi ɗaya cikin uku. Ƙa'idar daidai ta ce a bar zubi yadda yake, ƙa'idar nauyi ta ce a rage kashi 30 cikin ɗari, sai a ba kowace bakin magana gwargwadon rabonta, sakamakon ya fito ragin kashi 10. Babu zabura, babu kashewa da kunnawa, sassautawa ce irin ta hannu. Na ƙara ma'auni na biyu, wato saurin hawan amfiya, na raba shi zuwa sauka da tsayawa da hawa, ƙa'idojin suka zama tara, kuma a nan ne maganarsa ta uku ta samu gurbi: idan jan wuta daidai ne amma yana hawa da sauri, a rage tun kafin ya yi nauyi.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan aiki ya faru ne da kaka. Muna zaune a kan benci da ni da Baba, gari ya yi mana fari fat har gira, ina karanta masa ƙa'idojin daga littafina ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan wadda ta ce idan sauƙi ne kuma yana sauka a ƙara zubi da yawa, sai ya ɗaga hannu ya ce: "A'a, ɗana, ban da sabuwar masara. Wani lokaci ya yi shiru ne domin ta manne a wuya, in ka danna masa sai ta faɗa gaba ɗaya." Na mayar da "da yawa" ya koma "kaɗan-kaɗan", na sauya layi ɗaya a kwamfuta, matsalar da ta kwana biyu tana damuna ta kau. Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gyara mini tsarin sarrafa inji, kuma ya iya yin haka ne saboda tsarin a rubuce yake da kalmomin da yake amfani da su. A wurina wannan ita ce babbar darajar lissafin dama-dama, ta fi duk wani zanen sakamako da ake nunawa a takardun bincike.

Hannun Baba ke nan. Kunnensa kuwa gudu yake ji, ba amfiya ba, kuma yana da wata ƙa'ida da ta dogara a kan haka: idan injin ya yi nauyi na ɗan lokaci amma gudunsa bai faɗi ba, a ƙyale shi ya haɗiye, domin yawan ja da baya yana rage aiki. Na sa na'urar auna gudu mai ido a bakin sandar moton, amma ƙurar gari tana rufe idon cikin mintoci. A nan ragar jijiyoyi ta shigo. Tunaninta ya faro daga Warren McCulloch da Walter Pitts a 1943, Frank Rosenblatt ya gina mai koyo a ƙarshen shekarun 1950, a 1986 Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa hanyar horar da raga mai hawa-hawa ta hanyar mayar da kuskure baya, sannan a 1990 Narendra da Parthasarathy na Jami'ar Yale suka nuna yadda za a yi amfani da ita wajen ganewa da sarrafa abin da ke motsi. Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Kowane ƙulli a ragar yana karɓar lambobi, ya ninka kowace da nauyin da aka ba ta, ya tara, ya lanƙwasa jimlar ya miƙa gaba. Ana nuna mata misalai masu yawa tare da amsarsu ta gaskiya, duk lokacin da ta yi kuskure a ɗan gyara nauyoyin, har ta iya ba da amsa a kan abin da ya yi kama da wanda ta gani.

Na ba ta bolt da amfiya na layuka uku, da tazarar lokacin da ke tsakanin bugun bolt da na amfiya, na nemi ta faɗi gudu. Mun tara misalan a watan Janairu, da sassafe, cikin hunturun Jos mai sa yatsu ƙagewa, wani yaro yana tsaye da tsumma yana goge idon na'urar gudu domin a samu amsar gaskiya. Bayan horo ragar ta riƙa faɗin gudun daidai da na'ura, na cire mai idon, na haɗa ƙiyasinta da ƙa'idar ƙyalewa ta Baba.

Wata la'asar a watan Maris, bayan injin ya wuni yana aiki kuma wutar gari ta yi ƙasa, Baba ya taso daga inda yake alwala yana cewa a tsayar, injin yana shan wuya. Allon kwamfuta yana nuna gudu lafiya lau. Kafin kowa ya kai ga makunni obalod, wato na'urar kariya da ke yanke wuta idan moto ya ja fiye da kima, ya fille wutar, kuma shi ya ceci koyil ɗin. Laifin nawa ne, dalilinsa kuma a fili yake da na zauna na duba. Sandunan alminiyam da ke cikin zuciyar moto suna ƙara turjiya ga wuta da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, ma'ana ƙarin digiri 50 yana kawo kashi 20, kuma tazarar gudu tana faɗaɗa da wannan turjiya ko da amfiya ba ta sauya ba. Ragar ba ta taɓa ganin moto mai zafi ba, ba ta kuma taɓa ganin wutar yamma ba, domin safiyar hunturu kaɗai na nuna mata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ta nuna wata alamar shakka ba, ta fitar da lambarta kamar kullum, kuma ba kamar ƙa'idojin littafina ba, babu layin da zan karanta wa Baba ya ce mini nan ne kuskuren yake, nauyoyi ne kawai jere a kwamfuta.

Gyara uku na yi. Na manna na'urar jin zafi a jikin gangar moton ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da ragar ke dubawa, muka sake tara misalai safe da rana da yamma, a wutar gari da ta janareta, sannan na kafa mata iyaka: duk lokacin da bolt ko zafi ya fita daga kewayen abin da ta koya, a daina sauraronta, a koma kan ƙa'idojin amfiya kaɗai. Obalod da bureka kuwa ban taɓa su ba, kuma ba zan yarda wani ya cire su da sunan kwamfuta ta waye ba.

Ya kamata in faɗi gaskiya game da matsayin waɗannan fasahohi a masana'antu. Manyan hanyoyin sarrafa gudun moto da ƙarfin juyinsa a kan lissafin da aka san tushensa aka gina su, kamar wadda Felix Blaschke ya tsara a Siemens a farkon shekarun 1970, da wadda Takahashi da Noguchi suka bayyana a 1986, wadda ABB ta fito da irinta kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Har yau galibin inbatocin da ake sayarwa da dangin PID suke aiki, domin ana iya tabbatarwa a kan takarda cewa tsarin ba zai kuɓuce ba, abin da ya fi wuya idan raga ce ke riƙe da linzami. Fankar da ke juyawa da kaya iri ɗaya dare da rana ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin abubuwan da na yi bayani. Inda suke da amfani shi ne inda kaya ke sauya hali, inda na'urar aunawa ba ta rayuwa, da inda akwai gwani amma babu lissafi. An kuma haɗa su biyun, kamar tsarin ANFIS da Jyh-Shing Roger Jang ya buga a 1993, inda ƙa'idoji suke nan a rubuce amma raga ce ke daidaita iyakokinsu daga misalai. Shi nake son gwadawa a kan iyakokin 13 da 16 da na zaɓa da ƙiyasi.

Ɗalibai kan zo mini da aikinsu na ƙarshe a kan wannan fanni, mafi yawansu an yi shi ne a cikin MATLAB, wata manhajar lissafi da kwaikwayon inji a kwamfuta, da moton da ba ya zafi da wutar da ba ta girgiza. Ba na raina wannan mataki, amma nakan ce musu su ɗauki na'urar auna amfiya su je Dilimi ko Bukuru su wuni a gaban inji na gaske. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa moto-moton lantarki da ke juya injuna suna cin kashi 43 zuwa 46 cikin ɗari na wutar da duniya ke amfani da ita, kuma rabonmu a ciki yana gidajen niƙa da wuraren yankan katako da rijiyoyin burtsatse, a ƙarƙashin irin wutarmu da ƙurarmu. Ragar da aka horar da bayanan wata ƙasa za ta yi mana abin da tawa ta yi a watan Maris.

Yanzu yaran shago suna niƙa ko Baba ba ya nan, koyil ɗin da aka naɗa wancan karon shi ne har yau a jikin moton. Makon jiya Baba ya kira ni ya ce akwai wata siririyar ƙara a boris na ɓangaren fambel, tana zuwa da safe ta ɓace idan inji ya ɗauki zafi. Na duba amfiya da gudu da zafi, babu wanda ya motsa. Na manna na'urar jin girgiza a kan gidan boris ɗin, na ba yaron da ke goge ido littafi da biro, na ce duk lokacin da Baba ya ce ya ji ta, ya rubuta ƙarfe nawa ne da irin hatsin da ke cikin inji. Mun yi da Baba cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu kwance boris ɗin, mu wanke shi da kananzir, mu ga abin da ke ciki kafin a sa sabo.